Daga kyautar Nobel zuwa gadon asibiti: me ya hana magungunan "nano" isa ga masu ciwon dajin hanta?

A ranar 8 ga watan Oktoban 2025, kwamitin kyautar Nobel da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya bayyana sunayen masana uku da suka lashe kyautar fannin kimiyyar sinadarai: Susumu Kitagawa na jami'ar Kyoto a Japan, Richard Robson na jami'ar Melbourne a Ostireliya, da Omar Yaghi na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a Amurka. An karrama su ne saboda wani nau'in gari da suka ƙirƙiro, wanda ake kira MOF a taƙaice. A ido gari ne kamar kowane gari, amma kowace ƙwayarsa cike take da ƴan ramuka jere da juna kamar saƙar zuma, waɗanda ke iya riƙe iskar gas, ko ruwa, ko wani sinadari.

Labarin Yaghi yana da jan hankali. An haife shi a birnin Amman cikin iyalin Falasɗinawa ƴan gudun hijira, ya tashi cikin ƙarancin ruwa, daga baya kuma ya yi amfani da wannan gari wajen tatso ruwa daga iskar hamada. Sai dai akwai wani amfanin garin da ba a yi ta maganarsa ba, wato cusa magani a cikin ramukan domin a kai shi daidai inda ciwo yake a jikin mutum, a kuma bi sawunsa da na'urar ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya shi ne Patrick Couvreur, masanin haɗa magunguna haifaffen Beljiyam, wanda ya shafe yawancin rayuwar aikinsa a Faransa.

Tarihin binciken Couvreur ya kai kusan shekaru 50. A cikinsa akwai lambobin yabo, akwai kuma babban gwaji guda da ya faɗi, wanda aka yi a kan ciwon dajin hanta, cutar da ke kashe magidanta da dama a Afirka ta Yamma tun suna da sauran ƙarfinsu. Wannan ne ya sa tarihin nasa ya shafi masu karatu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da ma ƴan ci-rani da ke aiko kuɗin magani gida.

Matsalar da ake son warwarewa

Idan aka haɗiyi ƙwayar magani ko aka yi allura, jini ne ke ɗaukar maganin ya zaga da shi ko'ina a jiki. Bai san inda ciwo yake ba. Ga maganin ciwon kai wannan ba wani abin damuwa ba ne. Ga maganin ciwon daji kuwa, wanda aikinsa kashe ƙwayoyin halitta ne, babbar matsala ce, domin yana kashe masu ciwo da masu lafiya tare. Shi ya sa gashi ke zuba, jini ke raguwa, mara lafiya ke fama da amai. Maganin doxorubicin, wanda aka daɗe ana amfani da shi a asibitocin duniya, yana lahanta zuciya, har likitoci suka sa iyaka ga jimillar abin da za a iya bai wa mutum ɗaya a duk rayuwarsa.

Tun farkon ƙarni na 20 likitan nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya yi mafarkin samun maganin da zai tafi kai tsaye ga cuta ya bar sauran jiki. Masu binciken fasahar "nano" sun ɗauko wannan mafarki ta wata hanya: a bar maganin yadda yake, a sama masa abin hawa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ƙwayoyin da ake magana a kansu sukan kai nanomita 100 zuwa 200, ma'ana sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi guda. A cikinsu ake ɓoye maganin, domin kada ya lalace a hanya, kada kuma ya yi ɓarna kafin ya isa.

Daga gam zuwa magani

An haifi Couvreur a 1950. Ya karanci haɗa magunguna a jami'ar Katolika ta Louvain, ya kammala digirin digirgir a 1975, sannan ya tafi birnin Zurich na Suwizalan ya yi aiki da Peter Speiser, ɗaya daga cikin na farko da suka ƙera irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi. A 1977 suka nuna cewa ƙwayoyin na iya shigar da wani sinadari cikin ƙwayar halitta, wanda shi kaɗai ba ya iya shiga. Sai dai robar da aka yi su da ita ba ta narkewa a jiki, don haka ba za a iya yi wa mutum allurarsu ba.

Mafitar da Couvreur ya samo a 1979 ta fito ne daga gam. Likitocin tiyata suna amfani da wani gam wajen haɗe rauni, ɗan gida ɗaya da Super Glue da ake sayarwa a kan tebur a kasuwanni. Tunda an riga an san jiki na iya narkar da irin wannan gam, sai ya ƙera ƙwayoyin da shi. A 1984 ya zama farfesa a sashen haɗa magunguna na jami'ar Paris-Sud, a 1997 kuma ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin BioAlliance domin a mayar da binciken magani na gaske.

An zaɓi ciwon dajin hanta ne saboda dalilai biyu. Na farko, duk ƙwayar da aka zuba cikin jini, hanta da saifa ne ke fara kama ta, domin aikinsu ne tace baƙin abu daga jini. Abin da ke zama cikas ga sauran cututtuka, a nan ya zama riba. Na biyu, ƙwayoyin dajin hanta suna da wani irin famfo a jikinsu da ke fitar da magani waje da zarar ya shiga, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa doxorubicin da aka naɗe cikin ƙwayoyin gam yana iya kauce wa wannan famfo. An sa wa maganin suna Livatag.

Gwajin da ya faɗi

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 2008 an dakatar da gwajin mataki na biyu saboda wasu marasa lafiya sun sami mummunar matsalar huhu. Daga baya aka gano cewa idan aka zuba maganin sannu a hankali cikin sa'o'i shida, haɗarin na raguwa. A 2012 aka soma babban gwajin mataki na uku mai suna ReLive, wanda ya haɗa marasa lafiya 397 a ƙasashe 11, dukansu waɗanda maganin sorafenib ya riga ya gaza a kansu.

A watan Satumban 2017 kamfanin, wanda a lokacin ya koma Onxeo, ya sanar da sakamakon. Waɗanda aka bai wa Livatag sun rayu tsaka-tsakin watanni 9.1, waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuma watanni 9.0. Babu wani bambanci ke nan. Kamfanin ya yi bayanin cewa rukuni na biyu sun rayu fiye da yadda aka yi hasashe, saboda an bar likitocinsu su ba su wasu magungunan daji. Ko ma mene ne dalili, shekaru 20 bayan kafa kamfanin, maganin bai shiga kasuwa ba. A cikin shekarar ne ma aka amince da regorafenib ga irin waɗannan marasa lafiya, a 2020 kuma magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki suka zama na sahun gaba.

Faɗuwar Livatag ta zo a daidai lokacin da fannin baki ɗaya ke fuskantar tambayoyi. Tun 1986 masana biyu na Japan, Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura, suka bayyana cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin daji suna da ɓaraka, ta inda ƙananan ƙwayoyi za su iya zurarewa su taru a cikin ƙarin. A kan wannan ra'ayi aka gina dubban bincike. Amma a 2016 ayarin Warren Chan na jami'ar Toronto a Kanada ya tattara sakamakon binciken shekaru goma da aka yi a kan dabbobi, ya gano cewa tsaka-tsakin abin da ke isa cikin ƙarin kashi 0.7 ne kacal cikin 100 na abin da aka yi allurarsa. Kamar ɗan ci-ranin da ya aika jika 100 gida ne, abin da ya shiga hannun iyalinsa bai cika jika guda ba. Wasu masana sun soki yadda aka yi lissafin, suna cewa maganin da ba a naɗe ba ma bai fi haka isa ba. Duk da haka alƙalamin ya tilasta wa masu bincike rage yawan alkawari. Ƙarin da aka dasa wa ɓera yana girma cikin makonni, na mutum kuwa yana ɗaukar shekaru, kuma jijiyoyinsu ba iri ɗaya ba ne.

Magani da hoto a ƙwaya guda

Tun kafin sakamakon ReLive, Couvreur ya lura da wani rauni na ƙwayoyin roba: maganin da suke ɗauka kaɗan ne, sau da yawa bai wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinsu ba, sauran duk kwanso ne. Ya bi hanyoyi biyu don gyara wannan.

Ta farko ita ce squalene, wani kitse da ake samu a hantar kifin shak, a man zaitun, da ma a fatar ɗan Adam, wanda jiki ke sarrafa kolestarol da shi. A 2006 ayarinsa ya nuna cewa idan aka ɗaure maganin daji na gemcitabine da squalene aka zuba a ruwa, da kansu suke dunƙulewa su zama ƙananan ƙwayoyi, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsu magani ne. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar masu ƙirƙira ta Turai a birnin Amsterdam a 2013, tare da abokan aikinsa Barbara Stella, Véronique Rosilio da Luigi Cattel. A 2014 suka gwada dabarar da sinadarin adenosine a kan ɓerayen da suka sami shanyewar ɓarin jiki ko raunin laka, a 2019 kuma da wani maganin raɗaɗi da ake fatan zai rage dogaro da dangin morfin. A 2017 sun gano cewa da zarar maganin ya shiga jini, yana hawa kan ƙwayoyin da ke jigilar kolestarol ne, su kuma su kai shi ga ƙwayoyin daji masu yawan buƙatar kolestarol.

Hanya ta biyu ita ce garin MOF. Masanin sinadarai Gérard Férey, wanda ya rasu a 2017, ya ƙera nau'o'insa da dama a cibiyar Lavoisier da ke Versailles. A 2010 mujallar Nature Materials ta wallafa wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin ayarin Férey da na Couvreur, wanda sunan Patricia Horcajada ƴar ƙasar Sifen ke kan gaba a jerin marubutansa. Sun ƙera MOF da sinadarin ƙarfe, irin wanda jiki ya saba da shi, suka cusa masa magungunan daji kamar busulfan da doxorubicin, da wani nau'in AZT na cutar sida. A game da busulfan, garin ya ɗauki kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsa.

Ƙarfen da ke cikin garin yana da wani amfani na biyu: na'urar IRM tana ganinsa. A yau, kafin a ɗauki wasu hotunan IRM, akan yi wa mutum allurar sinadarin gadolinium domin hoton ya fito sarai. Tun 2006 aka danganta shi da wata cuta mai tsanani ga masu ciwon ƙoda, a 2017 kuma hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar dakatar da wasu nau'o'insa bayan an ga ɓurɓushinsa na zama a ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da ke ɗauke da magani, kuma ake ganinta a hoto, za ta ba likita damar sanin ko maganin ya isa inda aka aike shi kafin a ɓata watanni da kuɗi. A 2011 ayarin Couvreur ya ƙara da cusa ƙwayoyin maganaɗisu cikin squalene da gemcitabine, ta yadda ake jan maganin da maganaɗisu daga waje zuwa kan ƙarin ɓera, ana kuma kallonsa ta IRM.

Dukkan waɗannan sakamako a kan dabbobi aka same su. Har yanzu babu maganin squalene ko na MOF na wannan ayari da likita ke rubuta wa mara lafiya a takardar magani.

Inda fasahar ta yi nasara

Wannan ba ya nufin shekarun sun tafi a banza. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, wato doxorubicin da aka naɗe cikin kumfar kitse. A gwajin da aka yi kan ciwon dajin mama bai fi tsohon maganin ƙarfi ba, amma lahaninsa ga zuciya ya ragu sosai. A 2018 aka amince da Onpattro, wanda ke amfani da halin nan na taruwa a hanta wajen magance wata cutar gado. Sai kuma 2020, lokacin da alluran rigakafin korona na Pfizer-BioNTech da Moderna suka fito. Saƙon mRNA da ke cikinsu yana lalacewa nan take idan aka sake shi tsirara a jiki, ƙwayoyin kitse ne ke kare shi har ya shiga ƙwayar halitta. Biliyoyin allurai aka yi da wannan fasaha.

Misalin da ya fi kusa da Afirka shi ne AmBisome, tsohon maganin amphotericin B mai lahanta ƙoda da aka naɗe cikin kumfar kitse. Ana amfani da shi kan cutar kala-azar da ke addabar Sudan da gabashin Afirka. Wani gwaji da aka yi a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe ya nuna cewa allura guda mai ƙarfi, haɗe da magungunan sha, ta wadatar ga sanƙarau na fumfuna da ke kama masu sida, maimakon mako guda ana ƙarin ruwa. Hukumar lafiya ta duniya ta amince da tsarin a 2022.

A waɗannan misalai, abin da fasahar ta yi shi ne kare maganin daga lalacewa ko rage gubarsa. Kai magani daidai kan ƙarin daji shi kaɗai, wanda shi ne babban alkawarin farko, har yanzu da sauran aiki. Akwai kuma batun zafi. AmBisome na buƙatar a adana shi ƙasa da digiri 25, allurar Pfizer kuwa a farkon fitowarta sai a digiri 70 ƙasa da sifili. A Tawa ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ke yawan yankewa, wannan kaɗai ya isa ya hana magani kaiwa ga mai buƙata.

Ina aka bar mai ciwon hanta a Sahel?

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 sun nuna mutane kimanin 866,000 ne suka kamu da dajin hanta a shekarar, kimanin 758,000 kuma suka mutu. A Afirka kudu da Sahara manyan dalilansa biyu ne. Na farko ciwon hanta nau'in B. Rahoton hukumar lafiya ta duniya na 2024 ya ce mutane miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa a yankin Afirka suke, amma kashi 18 cikin 100 ne kawai na jariran yankin ke samun allurar rigakafin da ake yi a ranar haihuwa. Na biyu shi ne aflatoxin, gubar da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba ko aka adana su a wuri mai laima. Idan abubuwan biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, haɗarin na ninkuwa sau da yawa. Ga yankin da gyaɗa, ƙuli-ƙuli da tunkuza ke cikin abincin mutane da na dabbobi, wannan magana ce ta cikin gida.

Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba marasa lafiya fiye da 2,500 a ƙasashen Afirka tara, cikinsu har da Najeriya, Gana, Kamaru da Sudan, ya gano cewa a wajen Masar tsaka-tsakin shekarun masu dajin hanta 46 ne, kuma tsaka-tsakin rayuwarsu bayan gano cutar watanni biyu da rabi. Idan aka tuna cewa marasa lafiyar gwajin ReLive sun kai watanni tara bayan magani na farko ya gaza, za a ga inda gizo ke saƙa. Yawancin marasa lafiya a nan suna zuwa asibiti ne bayan ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, lokacin da ko tiyata ko wani sabon magani ba zai yi wani tasiri ba.

Ɓangaren hoto ma haka yake. Maganin da ake bin sawunsa da IRM yana buƙatar na'urar IRM mai aiki, wuta tsayayya, da likitan da zai karanta hoton, kuma waɗannan a manyan birane suka taru. Nijar ta soma gashin daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai a 2021, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, tana kuma cikin ƙasashen farko da shirin hukumar mai suna Rays of Hope ya ɗauka a 2022. Ci gaba ne na gaske, amma mara lafiya daga ƙauyukan Maraɗi sai ya yi tafiyar kilomita fiye da 600 kafin ya isa. Hoton da zai fi ceton rai a halin yanzu shi ne eko na ciki, wanda likitoci ke ba masu ɗauke da ciwon hanta da ke cikin haɗari shawarar yi kowane wata shida.

Isar da magani irin na Sahel

Nijar ta riga ta ga amfanin binciken masu haɗa magunguna, a siffofi marasa tsada. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka ƙaddamar a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, daga baya an amince a riƙe ta har kwana huɗu ba firji a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Allurar tazarar haihuwa ta Sayana Press, wadda Nijar na cikin ƙasashe huɗu da suka fara gwada ta a 2014, tana zuwa ne a ƴar roba haɗe da allurarta, ta yadda ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya yi. Akwai maganin artesunate na cusawa ta dubura ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani kafin a kai shi asibiti, da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin damina masu narkewa a ruwa. Duka waɗannan tambaya ɗaya suke amsawa da ta Couvreur: ta yaya magani zai kai inda ake buƙatarsa da ƙarfinsa?

A nan ne matsayin masanin haɗa magunguna ke fitowa. Jama'a sun fi saninsa a matsayin mai farmasi da ke karɓar takarda ya miƙa kwali. Amma jami'ar Abdou Moumouni tana horar da su, ƙasar kuma tana da ɗakin gwaji na LANSPEX, hukumar sayo magunguna ta ONPPC da kamfanin SONIPHAR. Binciken yadda magani ke jure zafi a shagunan Agadas ko Diffa, ko yadda za a yi wa yara nau'in da za su iya sha, ko gano jabu a kasuwa, bai buƙatar kayan aiki irin na Paris-Sud. Yana buƙatar kasafin kuɗi mai ɗorewa da hanyar da za ta sa ƴan ƙasa da suka yi karatu a waje su ga amfanin dawowa ko haɗa gwiwa daga inda suke. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci, kuma Nijar ta taɓa ɗanɗana wannan da alluran sanƙarau na jabu a 1995 da kuma 2019.

Abin lura ga masu saye da masu aiko kuɗi

Kyautar Nobel takan ba ƴan kasuwa sababbin kalmomin talla. Kalmar "nano" ta riga ta bayyana a jikin kwalabe da ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake tallatawa a WhatsApp, Facebook da TikTok, wasu har da da'awar warkar da ciwon hanta ko daji. Tarihin Livatag ya ba da ma'auni mai sauƙi. Farfesa mai lambobin yabo, da kamfani mai jari, da marasa lafiya 397 a ƙasashe 11, sun gwada nasu sun ga bai yi ba, suka kuma faɗa wa duniya. Mai sayar da kwalba a intanet ya kamata a tambaye shi a kan mutum nawa aka gwada nasa, a wane asibiti, wace hukuma ce kuma ta ba shi izini.

Ga ɗan ci-ranin da ke Libiya, Aljeriya, Legas ko Faransa, wanda ake kira daga gida a ce wani na fama da hanta, abubuwan da aka tabbatar suna aiki sanannu ne. Gwajin jini na ciwon hanta nau'in B ga mutanen gida duka, musamman mata masu ciki. Allurar rigakafi ga jariri cikin sa'o'i 24 na haihuwa, domin kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu a lokacin suna zama da cutar har girma, alhali allurar haɗaka ta penta, da Nijar ta shigar cikin tsarin rigakafinta a 2008, sai a mako na shida ake fara ta. Maganin tenofovir ga waɗanda likita ya ga sun cancanta, wanda hukumar lafiya ta duniya ta faɗaɗa sharuɗɗan bayar da shi a watan Maris na 2024. Sai busar da gyaɗa da masara sosai, a tsince masu fumfuna a zubar, kada a mayar da su ƙuli-ƙuli ko abincin dabbobi.

A shekaru masu zuwa, abin da zai nuna ko garin MOF da squalene za su zama magani shi ne sakamakon gwaji a kan mutane, da farashin da za a sa musu, da ko za su jure zafi ba firji. Tsakanin binciken Couvreur na 1979 da sakamakon ReLive an ɗauki shekaru 38. Jaririn da aka haifa yau a Maraɗi ba tare da allurar ranar haihuwa ba, idan ya ɗauki cutar daga mahaifiyarsa, a daidai irin waɗannan shekaru ne dajin hanta ya fi bayyana.